Takardar Dangin Inna Tabawa

A cikin wata ukun da na yi ina aikin sanin makama a wani asibiti a Gwarzo, akwai wata Laraba da har yau take dawo mini duk lokacin da na ɗauki biro zan cika takarda. Malamarmu ta ce kowace ɗalibar da ta dawo ta ba 'yan ajin ƙasa labarin abu ɗaya da ya same ta a wurin aiki. Ni ba na iya tsayawa gaban aji in yi magana, don haka na roƙa a bar ni in rubuta. Na sauya sunayen mutanen, domin abu na farko da ake koya mana a sashen adana bayanan marasa lafiya shi ne riƙe sirri.

Ga waɗanda ba su fita ba tukuna, ga yadda aikin yake. Da safe sai ka sa hannu a wurin shugaban ɗakin kati. Namu shi ne Malam Garba, dattijo mai tabarau, wanda ke ajiye hatiminsa a aljihun gaban riga, ba ya barinsa a kan tebur ko da zai shiga banɗaki. Mako biyun farko fayil kawai nake jerawa. Daga baya aka tura ni ɗakin mata, ƙarƙashin Sista Rifkatu, 'yar Kudancin Kaduna, wadda ta daɗe a Gwarzo har Hausarta ta fi tawa gishiri. Aikina a can shi ne bin likita lokacin zagaye da fayiloli a hannu, da cika duk takardar da aka ba ni. In na cika, likita ya sa hannu, Malam Garba ya buga hatimi. Takardar da ta sha hatimi ta gama. Ba a goge ta, ba a shafa mata farin ruwa.

A gado na huɗu, kusa da taga, akwai Inna Tabawa, daga wani ƙauye a gefen Kabo. Za ta yi hamsin da 'yan kai, mijinta ya rasu. Idanunta sun yi rawaya, ta rame sosai, kuma ciwon da ke cikinta yana ratsawa har gadon baya, shi ya sa kullum take zaune a duƙe, da matashi a kan cinya. An riga an kai ta babban asibiti a Kano, an yi hoton ciki, an ɗebi ɗan tsoka an duba. Ciwon daji ne a fankiriyas, wata 'yar doguwar gaɓa da ke kwance a bayan tumbi, mai fitar da ruwan narkar da abinci da kuma abin da ke daidaita sukari a jini. Ya riga ya kai hanta. An dawo da ita kusa da gida ne don a riƙa rage mata zafin ciwo.

Ranar Litinin ɗanta Sule ya tare likitanmu, Dakta Nura, a bakin gado. Manomi ne, da rani yana ban-ruwa. Ya ce shi abin da ya ɗaure masa kai shi ne saurin abin: da azumi tana surfe da hannunta, yanzu ga ta ko kofi da ƙyar. Wasu a gida na cewa jifa ce aka yi mata.

Dakta ya ja shi gefe, ni ina tsaye da fayil. Ya ce jikin mutum ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, kuma a cikin kowace akwai ƙwayoyin gado, waɗanda ake samu daga uwa da uba, su ke ba ta umarnin abin da za ta yi. Ƙwayoyin gadon da ke cikin ido su ne dai ke cikin hanta. Bambancin shi ne waɗanne ne a kunne, waɗanne ne a kashe. Sai ya tambayi Sule ko yana da injin ban-ruwa.

"Ina da shi, likita. Tsoho ne dai."

"In makunninsa ya maƙale, ya ƙi mutuwa fa?"

"Sai in toshe mai."

"In nan ma ya lalace?"

Sule ya ce to ai sai ruwa ya cinye fagen, ya fasa kunya ya shiga na maƙwabci.

Dakta ya ce haka abin yake. A wannan ciwon, yawanci ƙwayar gadon da ke cewa "ku hayayyafa" ita ke fara maƙalewa a kunne. Daga baya waɗanda aikinsu shi ne taka birki su lalace ɗaya bayan ɗaya. Wannan yana ɗaukar shekaru, mutum na ta harkarsa, domin gaɓar tana can ciki, ba ta nuna alama da wuri. Sannan wasu ƙwayoyin gadon da ya kamata su zauna a kashe sai su farka, su ba ƙwayoyin ciwon damar ɓallewa daga inda suke, su bi jini su sauka a hanta. Ƙullun ciwon kuma yakan kewaye kansa da tauri kamar tabo, har magani ya sha wuyar shiga. Abin da kuka gani da sauri, in ji shi, ƙarshen doguwar tafiya ne.

Sule ya tambayi abin da kowa ke tambaya: ana ɗauka, ko ana gado? Dakta ya ce ba a ɗauka, ko kwano ɗaya kuka ci. Gado kuwa, a mafi yawan mutane babu shi. Lalacewar tana faruwa ne a jikin mutum shi kaɗai, da shekaru, ko da abubuwa irin su taba. Amma akwai 'yan gidajen da ake haifar mutum da ƙwayar gado ɗaya mai gyaran ɓarna a lalace tun farko. A irin wannan gida kowane ɗa yana iya gada, yana iya tsallakewa, kuma wanda ya gada ma ba lallai ne ya yi ciwon ba. Sai dai a mata abin kan fito a nono ko a wurin ƙwan haihuwa, kuma na nono in an gan shi da wuri ana iya yin wani abu. Likitocin Kano sun lura mahaifiyar Inna Tabawa daji ne ya kashe ta a nono, wanta kuma ya rasu da shawara da rama irin tata. Shi ya sa suka aiko da takarda, suna son sunayen duk waɗanda suka haɗa jini da ita na kusa. Wanda sunansa ke ciki za a ba shi ranar ganin likita, a yi masa bayani, a duba shi. Wanda ba ya ciki, ba wanda zai neme shi. Motar asibiti za ta koma da takardar ranar Alhamis da safe.

Ni aka ba in cika. Sule ya riga ya tafi, don damina ce, yana da takin da zai zuba. Na ja kujera, na gaishe ta, na tambayi jiki, sannan na karanta tambayar kamar yadda take a rubuce: 'ya'yanki nawa? Ta ce biyar. Ta lissafa, ta fara da Sule, ta ƙare da autarta. 'Yan'uwanta na ciki ɗaya duk sun rasu. Na rubuta da kyau, ban yi ko ɗigo a wajen layi ba. Dakta ya sa hannu, Malam Garba ya duba sama da ƙasa, ya ce rubutuna ya fi na waɗanda suka zo bara, ya buga hatimi, ya sa a ambulan. Ranar na koma masauki ina jin daɗi.

Akwai wata mata da ke zuwa kullum wajen ƙarfe goma da filas ɗin kunu, daga Madadi. Sunanta Hansai, za ta yi talatin da biyar ko fiye. Tun kafin zancen takarda Sista ta taɓa tambayar Inna Tabawa wace ce wannan mai ƙoƙari haka, ta ce 'yar gidan su Malam ce, wato dangin mijinta. Ita Hansai kuma "Yaya" take ce mata, kamar yadda ƙannen miji ke yi. Dangin miji ba su da gurbi a takardarmu, don haka ban sake tunaninta ba.

Ni mutum ce da ba ta iya shiga hira, sai kallo. Ranar Talata ina jera fayil a teburin Sista, na lura da wasu abubuwa. Inna Tabawa tana kiran kowa da sunansa, har ni, amma in tana son Hansai ta miƙo mata abu sai ta ce wa ta gadon kusa, "A ce wa 'yar nan ta ba ni ruwa," alhali 'yar nan ɗin tana tsaye a kanta. In Hansai ta shigo, sai ta ja mayafi ta juya wajen taga. Amma abincin kowa sai ta taɓa ta ture, kunun Hansai kaɗai take shanyewa. In ciwon ya taso, Hansai ba ta zama a gabanta. Takan hau gadon ta bayanta, ta riƙa danna mata gadon baya da tafin hannu, ba mai kallon wata. A nan na ga hannun. Ɗan ƙaramin yatsan Hansai a lanƙwashe yake ciki, kamar ƙugiya. Na Inna Tabawa, da ke riƙe da ƙarfen gado, haka yake. Na tuna da hannun Sule lokacin da yake kwatanta ruwa na fasa kunya, shi ma haka nasa yatsan yake.

Sai na ji kunya ta kama ni, domin ni 'yar ƙauyen Mainika ce. Innarmu har yau ba ta taɓa faɗin sunan babban wanmu ba. In baƙo ya tambaye ta 'ya'yanta, daga na biyu take fara lissafi. Alkunyar ɗan fari ce, na tashi a cikinta, amma da na sa farar riga na riƙe takardar Turanci sai na manta da ita a bakin ƙofa.

Gane abu daban, faɗarsa daban. Duk yinin Talata na yi ta shirya maganar a zuciyata, na kasa. Ina tsoron a ce ɗaliba ta shiga sirrin gidan mutane, ina kuma tsoron fuskar Malam Garba. Sai Laraba da safe, da na ga direba yana duba tayoyin mota saboda tafiyar gobe, na bi Sista ɗakin magani na faɗa mata, muryata ƙasa-ƙasa har sai da ta ce in maimaita.

Ta ajiye abin da ke hannunta ta dube ni. "Safiya, ashe kina da baki. Ni na ɗauka a gida kika baro shi." Sannan ta ce abin da na gani zai iya zama gaskiya, amma ba a cika takarda da yatsa. Sai maganar ta fito daga bakin mai ita. Na ce ko ita za ta tambaya, tunda ita ce babba. Ta ce a'a, wanda ya cika shi ke gyarawa, kuma irin wannan tambayar ta fi sauƙi daga bakin 'yar gida.

Na fara samun Hansai a bakin famfo tana wanke filas. Na gaishe ta, na yi ta kewaye-kewaye, ita ce ma ta gaji ta ce in faɗi abin da ya kawo ni. Da na faɗa, sai ta yi 'yar dariya, ta tambaye ni ni 'yar wane gari ce. Da na gaya mata, ta ce gaskiya ne, ita ce 'yar farin Inna Tabawa. Tun yaye kakarta ta wajen uba ta ɗauke ta zuwa Madadi, a can ta girma, a can aka yi mata aure. Na yi mata bayanin takardar iya yadda na fahimta. Ta saurara tana jujjuya murfin filas, ta tambaye ni ko abin yana iya wucewa zuwa jikoki, don tana da 'ya'ya mata uku. Na ce in uwa ta gada yana iya wucewa, in ba ta gada ba kuwa ya tsaya daga kanta, kuma likitan Kano ne zai fi ni bayani. Ta rufe filas ɗin.

"Ki bar ta kawai," ta ce daga baya. "Tun da aka haife ni ba ta kira sunana ba. Sai yanzu da take kwance za a sa ta, don takardarku?"

Na ce ba sai ta kira ba. Ban san daga ina maganar ta fito mini ba.

Na jira har aka gama zagaye, aka yi wa Inna Tabawa allurarta, ciwon ya lafa. Hansai ta zauna a waje a kan benci. Na ja labule, na durƙusa a gefen gado maimakon in hau kujera, kamar yadda zan yi a gaban innarmu. Na ce, Inna, na yi kuskure a takardar shekaranjiya, na zo gyara. Ta ce wane kuskure, ba an riga an buga mata tambari ba? Na ce tambayar ce ban yi daidai ba. Na gaya mata cewa likitocin Kano ba suna ƙirga 'ya'ya ba ne don a san yawansu. Suna neman duk wanda ya kwanta a cikinta ne, domin abin da ya taɓa mahaifiyarta da wanta yana iya bin jini, kuma mace ta fi buƙatar a duba ta da wuri. Wanda ba a rubuta ba, ba za a kira shi ba.

Ta juya wajen taga. Na ga yatsunta suna murza bakin mayafi.

"Ku 'yan boko ba ku da ta ido," ta ce.

"Haka ne, Inna. Ki yi haƙuri."

"Uwarki tana faɗin sunan nata na fari?"

"Ba ta faɗa."

"To."

Na ɗauka an gama ke nan. Na ce ba suna na zo nema ba, abu ɗaya kawai nake so in ji: haihuwa nawa ta yi, har da ta fari? Ta ci gaba da kallon taga. Sannan, ba tare da ta juyo ba, ta ɗaga hannu ɗaya ta buɗe yatsu biyar, ta ƙara babban yatsan ɗaya hannun a kai.

"Shida," na ce, don a ji da baki.

"Shida," ta ce. "Kuma kada ki liƙa ta a ƙasa kamar wata auta. A sama za ki sa ta."

Na tambaya ko wadda ke kawo kunu ce. Ta ce in ba ita ba wa, ko na ga wani yana wannan wahalar? Sista na tsaye a bayan labule, ta ji komai, ita ce shaida.

Saura Malam Garba. Na same shi yana cin gyaɗa, na ce ina son a buɗe ambulan ɗin Kano. Ya cire tabarau. Ya ce shekara nawa yana wannan aiki, takardar da ya buga wa hatimi ba ta taɓa dawowa tebur ɗinsa ba, sai zuwan 'yan makaranta. Na tsaya kaina a ƙasa, na faɗi abin da ya faru daga farko, ban ɗora wa kowa ba. Da na kai wurin alkunya sai ya daina tauna. Ya ce shi ma ɗan fari ne, kuma mahaifiyarsa har ta koma ga Allah "wannan yaron" take ce masa, yana da furfura. Ya yage ambulan ɗin da kansa.

Ga yadda ake gyara, don ku sani. Ba a gogewa. Ana jan layi ɗaya a kan kuskuren yadda za a iya karanta abin da ke ƙasa, a rubuta daidai a gefe, mai gyaran ya sa hannu da kwanan wata, likita ya sake sa hannu, a sake buga hatimi kusa da gyaran. Na ja layi a kan biyar, na rubuta shida. Babu fili a saman sunan Sule, sai na matse rubutuna a 'yar tazarar da ke tsakanin kan takarda da layin farko. Hansai da kanta ta ba ni cikakken sunanta da shekarunta da lambar wayar mijinta. Da na kai wa Dakta Nura, ya karanta, ya ce shi a birni ya tashi, yana jin labarin alkunya amma bai taɓa kawo ta kusa da takardar asibiti ba. Ya ce a riƙa yi wa kowace mace tambayar yadda na yi ta ta biyu. Takardar ta fita ranar Alhamis da layi a jikinta da hatimi biyu. Ita ce mafi muni a cikin duk waɗanda na cika.

Bayan mako biyu aka sallami Inna Tabawa, ta ce gida take so. Kafin in gama wata ukuna Sule ya zo ya gaya wa Sista ta rasu, Allah ya ji ƙanta. A ranar ne ya karɓi katunan ganin likita da suka zo daga Kano, guda shida. Ban san abin da aka samu a jikin Hansai ba, ko an samu wani abu ma. Ba hurumina ba ne in bi, kuma aikinmu yawanci haka yake ƙarewa, ba ka ganin ƙarshen labari.

Abin da na koya shi ne, likita yana iya sanin wace ƙwayar gado ce ta kunnu, wace ce ta mutu, amma ba shi da hanyar sanin jikin wa da wa ta shiga sai ta bakin mutane, kuma mutanenmu ba sa ƙarya, suna dai amsawa ne yadda aka rene su. In aka ba ku takardar dangi, kada ku karanta tambayar yadda aka buga ta. Ku tambayi haihuwa nawa, har da ta fari, har da wanda aka bayar riƙo. Ku tambaya ko a cikin waɗanda aka lissafa akwai wanda riƙonsa ake yi. Kuma kafin ku kai wa mai hatimi, ku ɗaga kai ku dubi wanda ke zaune a bayan mara lafiya yana danna masa baya.